Jifa Goma Sha Biyu da Ban Rubuta Ba

Yakubu da Saratu, akwai wani abu da kuka tashi kuna ɗauka game da mahaifinku wanda ba gaskiya ba ne, kuma ni ce na ƙyale kuka tashi da shi. Na sha shirya maganar a raina. Na sha kiran ku gida da niyyar in faɗa, amma da zarar kun zauna sai in miƙe in ce bari in duba miya. Yanzu gwiwoyina sun ƙi, ido ma ya fara ƙi, ba ni da sauran wurin gudu. Zan rubuta shi a nan yadda ya faru, ba don ku tausaya mini ba, domin ban nema ba.

A shekarar da Yakubu ya cika goma sha biyu muna zaune a Beltsville, a ƙaramin gidan jan bulon nan da rufinsa ke yoyo ta wajen banɗaki. Ni ce na fara zuwa ƙasar Turawan nan. Wani asibiti ne ya ɗauko ni daga Kafanchan da takardar aikin jinya, sai bayan shekara biyu mahaifinku Ishaya ya biyo ni da kai Yakubu a hannu. Ke Saratu a nan aka haife ki. Takardun zaman mu ukun duka a kan aikina suke rataye, kuma a wannan shekarar ba su gama fitowa ba. Mahaifinku malamin aikin gona ne a gida, ɗalibai na miƙewa idan ya shiga aji. A nan kuwa aikin da ya samu shi ne kula da tsirrai a ɗakunan gilashi na wani wurin bincike da ke kusa da mu: ya ba su ruwa, ya auna tsayinsu, ya rubuta, wasu su ɗauka su sa sunansu a kai. Ban taɓa jin ya yi gunaguni ba. Idan ya dawo sai ya sake kaya ya zagaya bayan gida, inda ya shuka yakuwa da gauta da alayyahu, kai kuma Yakubu kana biye da shi da bokiti. A kwano ɗaya kuke cin tuwo, kai da shi, tun kana ƙarami. Yana yi maka Hausa kana amsa masa da Turanci, kuma ba wanda abin ya dama.

Ba mu san besbol ba kafin mu zo. Ɗan maƙwabtanmu ne ya ja ka zuwa fili kana shekara takwas, ka dawo da aron safar fata da ta fi hannunka girma. Na daɗe ban gane wasan ba. Abin da na fara fahimta shi ne akwai yaro ɗaya da ke tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiyar fili yana jefa ƙwallo, wani na jira da sanda don ya buga, idan ya kasa bugawa sau uku ya fita. Duk idanun fili a kan mai jifan suke. Ba a yi shekara biyu ba ka zama kai ne wannan yaron. Mahaifinka yakan ce hannun kakanka ka gado, wanda ke kakkaɓo tsuntsu daga kan dawa da dutse ɗaya.

Gasar ta kwana uku ce a watan Yuli, daga Juma'a zuwa Lahadi, ƙungiyoyi takwas na yara 'yan goma sha biyu. Mako biyu kafin ta aka raba wa iyaye takardar dokoki, shafi huɗu. Yawancin iyaye sun sa hannu ba tare da sun karanta ba. Ishaya kuwa ya zauna a teburin cin abinci da tabarau da jan biro, ya bi ta layi-layi kamar yana duba jarrabawa. Wasa zagaye shida ne. Dole kowane yaro ya riƙe sanda aƙalla sau ɗaya, komai rashin iyawarsa. Idan ƙungiya ta yi wa wata nisa da maki goma bayan zagaye huɗu a tsayar da wasa, kada a wulaƙanta yara. Uba ko uwa ba su da izinin yi wa alƙalin wasa magana. Sai dokar da ta fi kowacce tsawo, wadda ya ja wa layi biyu: yaro ba zai wuce jifa tamanin da biyar a rana ba, kuma hutunsa ya danganta da yawan abin da ya jefa. Idan bai wuce talatin da biyar ba, hutun kwana ɗaya ya isa. Idan ya wuce ko da da jifa ɗaya ne, sai ya huta kwana biyu cur. Kowace ƙungiya za ta ba da mutum ɗaya da zai ƙirga ya rubuta a littafi, a ƙarshen wasa masu ƙirgan biyu su gwada lambobinsu su sa hannu.

Ya ɗago ya ce, "Maman Yakubu, kin ga mutanen nan? Har hannun yaro sun yi wa doka."

Na ce, "Mu da muka riƙe fartanya tun muna shekara bakwai, wa ya ƙirga mana?"

"Shi ya sa bayanmu ke ciwo," in ji shi.

Ni ce na yi masa bayanin dalilin dokar a wannan teburin. Na kama gwiwar hannunsa na nuna masa gefen ciki, na ce a yaro mai girma wurin nan bai gama zama ƙashi ba, yana da laushi, kuma duk jifa jansa take yi. Idan ba a bar shi ya huta ba zai iya tsagewa. Ku lura, ni na koya masa wannan. Washegari ya je ya ba da sunansa a matsayin mai ƙirgan ƙungiyarku, ya sayi 'yar na'urar ƙarfe da ake dannawa da babban yatsa, lamba na juyawa a cikinta.

Dole in faɗi inda zuciyata take a lokacin, in ba haka ba abin da ya biyo baya ba zai yi ma'ana ba. Shekara huɗu ina zama a kan bencin iyaye a filayen nan. Matan ba su taɓa yi mini rashin mutunci ba. Sukan yi mini murmushi su ci gaba da hirarsu ta saman kaina. Ba wadda ta koyi sunana, ballantana ta tambayi daga ina nake. Amma duk ranar da Yakubu ya hau tudun ya fitar da yara uku a jere, sai su juyo su taɓa mini kafaɗa, su matsa mini wuri a inuwa, wata ma ta miƙo mini ruwan sanyi. A asibiti ni ce wadda marasa lafiya ke cewa ba sa gane Turancinta, a kira musu wata. A filin nan, na awa biyu, ni uwar wani ce. Sannan Koci Ron, mai horar da ku, ya gaya mana cewa mai horarwa na wata makarantar kuɗi zai zo kallon wasan ƙarshe ranar Lahadi, kuma makarantar kan ɗauki yara irinka kyauta. Shekaru da yawa na gaya wa kaina don makarantar na yi. Da akwai wannan a ciki. Amma idan na ce shi kaɗai ne, na ƙara wata ƙaryar.

Ranar Juma'a bututun ruwa ya fashe a ɗaya daga ɗakunan gilashin, aka riƙe mahaifinku a wurin aiki. Ya kira ni ya ce in ɗauki na'urar da littafin daga kan firiji in fara ƙirgawa kafin ya iso. Daga asibiti na wuce na ɗauke ku, ko kayan aiki ban cire ba. Koci Ron ya riga ya faɗi shirinsa: Yakubu zai fara wasan Juma'a, a cire shi kafin ya wuce talatin da biyar, ya huta Asabar, ya dawo Lahadi idan mun kai ƙarshe. Na zauna a jikin shingen waya da Saratu a gefena tana shan ƙanƙara mai launi. Zagaye na farko ya tafi lafiya. A na biyu yaran can suka riƙa taɓa ƙwallon tana fita gefe, kowace kuma jifa ce da ake ƙirgawa. Na ga lambar ta kai talatin da biyar a farkon zagaye na uku. Aikina a nan shi ne in ɗaga hannu in kira koci. Amma akwai yara biyu nasu a kan hanyar cin maki, mu kuma maki ɗaya muka fi su, kuma na san yaron da zai karɓe ka ba zai iya riƙe su ba. Idan muka faɗi yau, babu Lahadi. Na ce a raina bari ya gama da wannan yaron. Sai na ce bari ya gama da na gaba. Yatsana bai daina dannawa ba. Ban yi kuskuren ƙirga ba, ko sau ɗaya.

Ana cikin haka Ishaya ya iso da laka a wandonsa, ya zauna kusa da ni yana haki, ya ɗauki Saratu ya ɗora a cinya. Ka fitar da yaro na uku, iyaye suka tafa. Koci Ron ya tako zuwa shingen ya saƙala yatsunsa a waya.

Ya ce da Turanci, "Ina muke? Ku ce mini ba mu wuce ba."

Na dubi tafin hannuna. Arba'in da bakwai.

Na ce, "Talatin da biyar daidai."

Ya dube ni na ɗan lokaci. Mutumin nan ya shekara goma sha biyar yana horar da yara, ya san bambancin talatin da biyar da arba'in da bakwai kamar yadda na san zazzaɓi da bayan hannu. Ya yi murmushi ya ce ya yi kyau, ya juya. Na murza na'urar ta koma sifili, na rubuta lambar a littafi. Da aka tashi, mai ƙirgan ɗaya ƙungiyar ya zo, wani dattijo Bature da ya rako jikansa. Ya ce shi arba'in da wani abu ya samu, amma hannunsa na rawa, wataƙila ya riƙa danna biyu-biyu. Ya dubi kayan asibitin da ke jikina ya ce ai ni ma'aikaciyar jinya ce, lambata ta fi tasa abin dogaro. Ya sa hannu. Na miƙa wa mahaifinku littafin tunda sunansa ne a rajista, shi ma ya sa hannu yana yi wa dattijon godiya. Bai tambaye ni komai ba. A shekara goma sha biyar na aurenmu ban taɓa ba shi dalilin tambaya ba.

Ranar Asabar ƙungiyarku ta ci wasanta ba tare da ka yi jifa ba. Da rana na yi gwaten acca, na lura kana ɗaukar cokali da hagu.

Na ce, "Me ya sami hannun?"

Ka ce, "Ba komai, Mama. Na gaji ne kawai."

Idan da yaron wata ne aka kawo mini a asibiti, da na kama gwiwar na danna gefen ciki na dubi fuskarsa, kuma da na sani cikin daƙiƙa biyar. Kai ɗana ne, kana zaune taku biyu daga inda nake tsaye, ban taɓa ka ba. Na ba ka maganin ciwon jiki biyu na ce na gajiya ne. Mahaifinka yana bayan gida yana ɗaure gauta, bai ga komai ba, ni kuma ban kira shi ba.

Ranar Lahadi muka je sujadar farko a Wheaton muka fito kafin a gama sanarwa. An yi zafi sosai a ranar. Matan suka ajiye mini wuri a layin gaba, ɗaya ta kira ni da sunana, ta ce Rifkatu, ta faɗe shi kusan daidai. Har yau ina tuna daɗin da na ji, kuma ina ƙin kaina saboda shi. Mutumin makarantar yana tsaye bayan shinge da hula da ɗan littafi. Ishaya ne ke ƙirgawa a ranar, yana yi da gaskiya, kowace jifa yana motsa leɓe. Ka yi zagaye huɗu ba wanda ya ci maki a kanka. Ina ganin yadda kake girgiza hannun bayan kowace jifa, kana buɗe yatsu kana rufewa. A zagaye na biyar, a jifa ta sittin da ɗaya bisa lissafin mahaifinka, ƙwallon ta fita daga hannunka ta tafi can sama inda ba kowa. Ba ka yi ihu ba. Ka riƙe gwiwar ka durƙusa a kan tudun, ka juyo kana nema a cikin mutane. Mahaifinka ya tsallake shingen da doka ta hana iyaye tsallakewa. Ni ban iya tashi ba. Ƙungiyarku ta ƙarasa wasan ta ci kofi muna cikin mota a hanyar asibiti.

Wurin da na nuna wa Ishaya a teburin cin abinci, shi ne ya ɓalle ya rabu da ƙashi. Aka yi aiki aka sa ƙusa. Likitan ya ce ba za a iya cewa rana ɗaya ce ta jawo ba, irin wannan taruwa yake yi. Na riƙe maganar nan na daɗe ina lasarta. Amma shi bai ga cokali a hannun hagu ba.

Bayan kwana goma wasiƙa ta zo daga kwamitin gasar. Wani uba na ƙungiyar da muka buga da ita ranar Juma'a ya ɗauki wasan da kyamarar bidiyo. Da ya ji labarin hannunka sai ya zauna ya ƙirga, ya aika musu kaset ɗin. Suna gayyatar wanda ya sa hannu a littafin. Ishaya ya karanta ta da safe a kicin, kuna barci, ni ina shirin fita aiki. Ya ninke ta ya ajiye.

Ya ce, "Na'urar tana hannunki."

Na ce, "Tana hannuna."

"Nawa ta nuna?"

"Arba'in da bakwai."

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya fita bayan gida, ina hangensa ta taga yana ba yakuwa ruwan da ba ta buƙata. Da ya dawo na riga na shirya maganata. Na ce idan aka rubuta cewa ma'aikaciyar jinya ta canja lamba a takardar da ta shafi lafiyar yaro, maganar za ta iya kai wa hukumar da ke ba mu lasisi. Idan lasisi ya tafi aiki ya tafi, idan aiki ya tafi takardunmu sun tafi, sai mu tattara mu koma da yaro mai ƙusa a hannu. Ban roƙe shi ya ɗauki laifin ba. Na dai jera masa abubuwan, na bar shi ya ƙarasa da kansa.

Ya ce, "Hannun da ke kan takardar nawa ne. Je ki aiki, kada ki makara."

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ban san ko da gaske maganar za ta kai ga lasisina ba. Kwamitin iyaye ne masu aikin sa kai, a ɗakin taro na laburare suke zama. Akwai lauya a cocinmu da zan iya tambaya cikin minti biyar bayan sujada. Ban tambaye shi ba, domin ina tsoron ya ce mini babu abin da zai same ni.

Mahaifinku ya sa kwat ɗinsa na Lahadi ya je shi kaɗai. Ya gaya musu cewa matarsa ta miƙa masa na'urar da lambar gaskiya, shi ne ya rage don ɗansa ya yi wasan ƙarshe. Koci Ron yana zaune a ɗakin, ya san daga bakin wa ya ji talatin da biyar, ya ce shi da littafi yake aiki, ba shi da laifin abin da iyaye suka rubuta. Dokar ta faɗi hukuncin a shafi na uku, Ishaya ma ya ja mata layi da jan biro: ƙungiyar da ta sa yaron da bai cika hutunsa ba ta faɗi wasan. Aka karɓe kofin daga yara goma sha biyu. Aka hana mahaifinku shiga kowane filin gasar. Koci Ron ya ci gaba da horar da yara har ya yi ritaya, aka yi masa liyafa. Mutumin makarantar ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Matar da ta koyi sunana ta gan ni a kanti bayan wata ɗaya, ta juya kekenta ta bi wani layin.

Kai Yakubu daga bakin abokanka ka ji. Ka shigo da hannu a rataye ka tsaya a ƙofar falo.

Ka ce da Turanci, "Gaskiya ne, Baba?"

Ya amsa maka da Hausa. Ya ce, "Gaskiya ne."

Ina tsaye a bayanka da tiren abinci. A daren da ya biyo baya ka ɗauki faranti naka dabam, kuma ba ka sake sa hannu a kwano ɗaya da shi ba. Ka daina zuwa bayan gida. Idan ya yi maka magana sai ka amsa da kalma ɗaya, irin amsar da ake ba ɗan sanda. Hannun ya warke amma bai sake miƙewa sosai ba, kuma ba ka sake taɓa ƙwallo ba. Ni kuwa na zama mafakarka. Ni nake kai ka gashin hannu sau biyu a mako, a mota kana gaya mini yadda ba za ka taɓa zama irinsa ba, ina cewa ka yi haƙuri, uba uba ne. A coci matan zumunta suka riƙa rungume ni suna cewa sannu Maman Yakubu, haka maza suke da son suna, Ubangiji ya ba ki ƙarfi. Ina cewa amin. An cire mahaifinku daga jerin waɗanda za a zaɓa dattawan ikilisiya a shekarar, ba wanda ya faɗi dalili, shi kuma bai tambaya ba.

Ke Saratu, ke ma ina da abin da zan amsa a gabanki. Kina shekara bakwai, kina gefena ranar Juma'ar nan. Wata rana ina yi miki kitso kika ce, "Mama, ai ke kike danna abin nan, Baba ni ya riƙe." Na ja gashinki da ƙarfin da ya fi na kitso, na ce ke yarinya ce, ba ki san abin da kika gani ba. Ba ki sake faɗa ba. Kin gani daidai. Na koya miki ki ƙaryata idonki, kuma na lura har yanzu kina fara magana da cewa wataƙila ke ce ba ki tuna da kyau ba.

Takardunmu sun fito bayan shekara ɗaya da rabi. A ranar ba ni da sauran hujja, amma ban yi magana ba. Na ce bari Yakubu ya gama sakandare. Na ce bari ya gama jami'a. Ranar aurenka ka miƙe a gaban mutane ka gode wa uwar da ta tsaya maka lokacin da wasu suka sa son zuciyarsu gaba da lafiyarka. Mutane suka tafa, mahaifinka ma ya tafa. Ni da shi mun ci gaba da zama a gida ɗaya, bai taɓa goranta mini ba, amma daga wancan Yulin duk takardar da na miƙa masa sai ya sa tabarau ya karanta kafin ya sa hannu, ko da ta karɓar saƙo ce.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, wata rana da yamma ina shafa masa mai a ƙafa na ce zan gaya wa Yakubu.

Ya ce, "Yanzu?"

Na ce, "Kafin lokaci ya ƙure."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Yaron nan mutum ɗaya yake da shi da ya yarda da shi. Idan kika faɗa ba lallai ya dawo mini ba, sai dai ya rasa mu duka. Ki bar masa uwa."

Na yi masa biyayya, kuma kada ku ɗauka don ladabi ne. Na yi ne don maganarsa ta zo daidai da abin da nake so. Shi yana tunanin abin da zai rage maka, ni ina tunanin abin da zai rage mini. Ka zo asibiti sau ɗaya, ka tsaya kusa da ƙofa da makullin mota a hannu, ka tambayi nas yadda gwajin jininsa yake. Ya ce maka sannu da zuwa, ya tambayi matarka, ka ce tana lafiya. Ba ka yi minti goma ba. Bayan ka fita ya ce mini ka yi ƙiba, aure ya karɓe ka, yana murmushi. Ya rasu bayan mako uku. Ka zo sujadar jana'iza ka zauna kusa da ni ka riƙe mini hannu, amma da aka ɗauki akwatin zuwa maƙabarta ka ce kana da aiki.

Ban san abin da za ku yi da ni ba bayan kun karanta wannan. Idan kun daina zuwa, ba zan aika fasto ya roƙe ku ba. Na ci shekaru ina karɓar ƙaunar da ta wani ce, kuma ba ni da hanyar mayar masa da ita.

Yakubu, Saratu ta san inda kabarinsa yake, amma wataƙila ba za ka so ka tambaye ta ba. Maƙabartar da ke kan hanyar Fort Washington ce, bayan ka wuce gidan mai. Ka shiga ta ƙofa ta biyu, ba ta farko ba, ka bi hagu har inda kwalta ta ƙare. Layi na huɗu ne, dutse mai ruwan toka, na uku daga shinge. Ana rufe ƙofar da ƙarfe biyar.